Cin abincin Eritiriya a ƙaramin shagon unguwa: tambayoyin da mutanenmu suka fi yi

Duk wanda ya zauna Jidda ko Kassala ko Kampala ko Landan zai yi wuya a ce bai taɓa wucewa ta gaban irin shagunan nan ba, 'yan tebura kaɗan, ƙamshin gahawa da turaren wuta na fitowa har bakin titi, dattawa a zaune suna hira da yaren da ba ka ji. Da yawa cikin mutanenmu suna sha'awar shiga amma sai su yi ta jan ƙafa, wani tsoron naman yake, wani kuma kunyar kar ya shiga ya rasa me zai ce a kawo masa. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na haɗa su waje guda.

Wai ina ce Eritiriya ɗin, ba Habasha ba ce?

Ba ita ba ce, kuma don Allah ka riƙe wannan kafin ka shiga shagon. Eritiriya ƙasa ce mai zaman kanta a bakin Bahar Maliya, tana iyaka da Sudan da Habasha da Jibuti, babban birninta Asmara. Italiya ta mulke ta daga 1890 zuwa 1941, Ingila ta riƙe ta na wani lokaci, a 1952 aka haɗa ta tarayya da Habasha, a 1962 Sarki Haile Selassie ya haɗiye ta gaba ɗaya. Shekara 30 suka yi suna yaƙin neman 'yanci, daga 1961 har 1991, sannan aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1993.

To ka ga mutanen da suka zubar da jini haka don a kira su da sunansu, ba daɗi ka zauna a shagonsu kana cewa kai abincin Itofiya akwai daɗi. Gaskiya ne abincin ya yi kama sosai, musamman da na yankin Tigray da ke arewacin Habasha, amma ka ce abincin Eritiriya kawai, za ka ga yanda fuskar mai shagon za ta sake.

Mene ne wannan faifan mai huji-huji da ake zuba miya a kai?

Shi ne injera, su kuma masu yaren Tigrinya suna ce masa taita. Shi ne tuwon, shi ne farantin, shi ne kuma cokalin. Da garin tef ake yinsa, wani hatsi ne mai ƙananan ƙwayoyi ƙwarai, a Eritiriya kuma sau da yawa ana haɗawa da dawa, a ƙasashen waje wasu har alkama ko sha'ir suke sakawa saboda tef ɗin akwai tsada. Ana kwaɓa ƙullu a bar shi kwana biyu zuwa uku ya yi tsami, sai a zuba a wani faffaɗan kasko da suke kira mogogo, a rufe, ba a juya shi, fuska ɗaya kawai ke gasuwa shi ya sa saman yake fitowa da ƙananan idanu ƙasan kuma sumul.

In kana neman abin da za ka kwatanta shi da shi a gida to sinasir ne, sai dai ya fi sinasir faɗi nesa ba kusa ba, ya fi shi tsami, kuma ba mai ba suga. Wanda ya zauna Sudan ya saba da kisra ba zai ji baƙunta ba ko kaɗan.

Tsamin nan fa, ba lalacewa ya yi ba?

Lafiyarsa ƙalau, haka ake sonsa. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su yago injera zalla su ɗanɗana sai su yamutsa fuska su yanke hukunci. Ba a cinsa haka. Tsamin an yi shi ne don ya tare maiƙon miya da zafin yaji, sai ka haɗa su a baki ɗaya za ka gane hikimar abun. Kuma mafi daɗin wajen shi ne na ƙasa, wanda aka shimfiɗa a tire ya sha romon miya tun farkon cin, kar ka tashi ka bar shi.

Karon farko ne, me zan ce a kawo min?

Ka ce a haɗa maka kala-kala a tire ɗaya, kusan ko wane shago suna yin haka, ko da ba a rubuta ba ka tambaya. Za a zuba maka ɗan wannan ɗan wancan a kan injera guda, da wasu naɗaɗɗun injeran a gefe. In kuma dole sai abu ɗaya za ka zaɓa to ni shiro zan ce maka. Garin wake ne irin wanda Larabawa ke yin abincinsu hummus da shi, an riga an haɗa shi da kayan yaji tun a niƙa, sai a dafa shi da albasa da tafarnuwa da tumatir har ya yi kauri ya yi santsi, wasu shagunan a 'yar tukunyar ƙasa suke kawo shi yana tafarfasa yana feshi sai a juye maka a gabanka. Abincin talaka ne a can, wanda ake ci yau da gobe, kuma da shi ake gane hannun mai girki, shagon da shironsa ya yi daɗi sauran abincin ma ba za ka yi nadama ba.

Sauran da za ka yi ta cin karo da su: zigni, miyar naman sa ce ja wur mai yaji wadda aka daɗe ana dafawa. Tsebhi dorho, kaza ce a jar miya da dafaffen ƙwai a ciki, abincin biki da manyan baƙi. Timtimo, adas ne, wato wani ƙaramin wake mai faɗi, da yaji. Alicha ba ta da zafi, dankalin turawa da karas da kabeji ne da kurkum. Hamli ganye ne da aka soya sama-sama da tafarnuwa. Kulwa kuma soyayyen naman rago ko sa ne da albasa da koren barkono da man shanu. In naman ne damuwarka duba tambayar halal a ƙasa kafin ka yi oda.

Yajin nasu ya kai namu zafi?

Ga wanda ya tashi da attaruhu gaskiya bai kai ba. Yajin nasu sunansa berbere, busasshen jan barkono ne aka haɗa da citta, tafarnuwa, hulba, kanumfari, kirfa, masoro da wasu kayan ƙamshi, ko wane gida da irin haɗinsa, matan kuma suna alfahari da nasu sosai, za ka ji mai shago na cewa daga gida aka aiko mata da shi. Zafinsa ba mai fasa harshe nan take ba ne, a hankali yake taruwa, sai ka ci rabi za ka ji zufa ta fara tsattsafo maka a goshi. Abu na biyu da ke ba abincin ƙamshinsa shi ne tesmi, man shanu ne da aka narka da kayan ƙamshi aka tace.

Mai gyambon ciki ya bi a hankali, tsami da yaji sun haɗu. Alicha da hamli sun fi masa, sai ya nemi yogot a gefe.

Naman halal ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma amsarta ɗaya ce, ka tambayi mai shagon kai tsaye, ba abin kunya ba ne kuma ba za su ji haushi ba. Eritiriya ƙasa ce ta Musulmi da Kirista, kuma tun a can gida an saba kowa da mahaucinsa, Musulmi na sayen yankan Musulmi Kirista na sayen nasu, don haka tambayar nan ba baƙuwa ba ce a kunnensu, sun fi wasu da yawa fahimtarta. Shagon Musulmi ne, alhamdulillahi. Na Kirista ne, wasunsu a Turai da Amurka daga mahautan halal suke saye saboda kwastomominsu 'yan Somaliya da Sudan, wasu kuma a'a, kuma yawanci za su faɗa maka gaskiya. Naman alade dai da wuya ka gan shi, don Kiristocin Orthodox na can su ma ba sa ci. A Jidda ko Kassala kam maganar ma ba ta taso ba.

Batun yankan Ahlul Kitabi da aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta yi magana a kai, da yanda ake yanka a mayankan zamani, wannan na malamai ne, ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Abin da zan iya ce maka shi ne ko ka ajiye naman gefe ba za ka tashi da yunwa ba, duba tambaya ta gaba. Sai kuma ka kula da abin sha, na yi bayaninsa can ƙasa.

Ba na son cin naman waje, akwai abin da zan ci in ƙoshi?

Sosai ma, nan ne ma abincin nan ya fi burge ni. Kiristocin Orthodox suna azumin barin nama da madara da ƙwai da man shanu duk Laraba da Juma'a, ga kuma babban azuminsu na kwana 55 kafin Ista da wasu azumomin a cikin shekara, saboda haka girkin da ba nama ba abu ne da aka ƙirƙiro jiya don Turawa ba, ɗaruruwan shekaru aka yi ana gyara shi. Ka ce a ba ka na tsom, wato na azumi, za a kawo shiro da timtimo da alicha da hamli da salak duk da man girki aka yi su. In ka yi sa'a za ka samu hilbet, wani farin haɗi ne mai laushi na waken ful da adas da hulba da ake bugawa har ya tashi, a zuba masa jar miya a tsakiya, ba kullum ake yinsa ba don akwai aiki, in ka ji an ce akwai kar ka bari ya wuce ka.

Abu ɗaya, wani lokacin ana saka tesmi ko ɗan nama a shiro in ba ranar azumi ba ce, sai ka faɗa tun wajen oda.

Da hannu ake ci? Zan iya neman cokali?

Da hannun dama ake ci, bayan an wanke hannu, wannan kam ba sai an koya wa Bahaushe ba. Ka yago injera daidai loma, ka ɗora a kan miyar, ka tattaro da yatsu ka naɗe ka kai baki, injeran ne ke taɓa miya ba yatsunka ba. Ka ci gabanka in tire ɗaya kuke ci. Lashe yatsu ana tsakiyar ci a mayar da hannu tire ba sa so.

Cokali za su ba ka in ka nema ba wanda zai yi maka dariya, amma wallahi rabin daɗin ka bari. Akwai kuma wata al'ada, wanda yake ƙaunarka ko yake girmama ka zai iya naɗa loma ya kai maka baki da hannunsa. A shago da wuya a yi wa baƙo haka, amma in abota ta yi nisa aka gayyace ka gida zai iya faruwa, karramawa ce, in kuma ba za ka iya ba sai ka ba da haƙuri cikin ladabi musamman in tsakanin namiji da mace ne.

Me ya kawo taliya da lazanya a shagon 'yan Afirka?

Shekara 50 na mulkin Italiya. Asmara cike take da gine-ginen zamanin, har UNESCO ta saka birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2017, kuma shan makiyato da kapucino a shagunan bakin titi ya zama jinin mutanen birnin. Don haka in ka ga spageti a jerin abincin ba wai sun saka don baƙi ba ne, nasu ne, sau da yawa ma da berbere a miyar tumatirin, wasu har zigni suke zubawa a kai. In ka je da yara ko wani da ya kafe shi ba zai ci injera ba, ga mafita.

Suna yin karin kumallo?

Suna yi, kuma a ganina da safe ne ƙaramin shago ya fi nuna kansa. Akwai ful, dafaffen wake da aka farfasa aka zuba mai da albasa da tumatir da koren barkono, ana ci da burodi, duk wanda ya yi Umara ko ya zauna Sudan ya san shi. Akwai kicha fitfit, wata gurasa ce marar yis da ake yayyagawa a cakuɗa da tesmi da berbere a sa yogot a gefe. Akwai fata, burodi ne a yanka a jiƙa da miyar tumatir mai yaji da yogot a sama. Akwai soyayyen ƙwai da suke kira fritata.

Sai ga'at, wanda na fi so mutanenmu su gwada. Tuwon garin sha'ir ko alkama ne mai tauri, a mulmula shi a kwano a yi rami a tsakiya a cika ramin da narkakken tesmi da berbere, a zagaye gindin da yogot, kana gutsura daga gefe kana tsomawa a ramin. Shi ake yi wa mai jego da masu zuwa barka. Yana da nauyi fa, in ka ci shi da safe ka manta da abincin rana.

Wane abin sha ne zan kiyaye?

Suwa da mes. Suwa giyar hatsi ce ta gargajiya, mes kuma da zuma ake yinsa amma yana bugarwa, kalarsa ruwan ɗorawa kamar lemo don haka kar kala ta ruɗe ka. Akwai kuma areki mai ƙarfi, fari kamar ruwa. Wasu shagunan Kirista suna sayarwa, na Musulmi babu. Shahi, wato shayi da kirfa da kanumfari, da gahawa da lemon kwalba duk ba matsala.

Gahawar da ake ta magana a kai, mene ne na musamman a ciki?

In ka ci abinci ka tashi ba ka zauna shan bun ba to ka ga shagon ne kawai ba ka ga mutanen ba. Mace ce ke yi, tana zaune a 'yar kujera ƙasa-ƙasa da ɗan murhun gawayi a gabanta. Ɗanyen 'ya'yan gahawa za ta zuba a wani ɗan kasko mai dogon mariƙi tana karkaɗawa a kan wuta har su yi baƙi su fara ƙyalli, sai ta taso da kaskon yana hayaƙi ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka sa hannu ka jawo hayaƙin zuwa fuskarka ka shaƙa, yin hakan yabo ne gare ta. Sai a daka, a zuba a jebena, wata 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, da yawa suna ƙara citta, a dafa, a toshe bakin da ɗan abin tacewa, ta ɗaga hannu sama ta tsiyaya a ƙananan finjali ba tare da ta katse ba. Ga lubban na ci a gefe, ga gugguru a faranti, wani lokacin da himbasha, burodinsu mai ɗan zaƙi.

Zagaye uku ake yi, awel, kale'i, sai bereka, ko wanne ya fi wanda ke biye da shi ƙarfi, kuma an fi so ka kai na ukun don shi ne na albarka. In ka kurɓi na farko ka ce tu'um, wato ya yi daɗi. Abun yana cin awa guda ko fiye, saboda haka kar ka nema in sauri kake, kuma ba kowane shago ke yinsa kullum ba, wasu sai ƙarshen mako wasu sai an faɗa musu tun da wuri. Mai hawan jini ko wanda gahawa ke hana shi barci ya faɗa tun farko, ya fi a zuba masa ya bari.

Me ya sa abincin ke daɗewa bai fito ba?

Saboda sau da yawa mutum ɗaya ce a kicin, ita ce mai shagon ita ce mai girki, mijinta ko ɗanta ne ke karɓar kuɗi. Miya irin zigni an riga an dafa, amma shiro da kulwa sai ka yi oda ake ɗorawa. Ka yi sallama in ka shiga, selam kawai ta wadatar, da yawansu kuma suna jin Larabci musamman mutanen garuruwan Keren da Massawa da yankin iyakar Sudan. Dattijuwa ka ce mata Mama, in za ka tafi ka ce yekenyeley, na gode kenan. Irin shagunan nan ba su da kuɗin talla, da bakin mutane suke rayuwa, in abincin ya yi maka ka faɗa mata kuma ka kawo wani.

Tire ɗaya zai ishe mu mu nawa? In ya ragu fa?

Injera na da cika ciki fiye da yanda ido ke gani, yana shan ruwa ya kumbura bayan ka ci, don haka ku fara da kaɗan, in bai isa ba a ƙaro. Abin da aka rubuta na mutum biyu sau da yawa uku za su ci su ƙoshi. In ya ragu a ƙunsa maka, ka sa a firji, da safe ka yayyaga injeran a cikin ragowar miyar ka ɗumama, su ma haka suke yi, fitfit kenan.

Likita ya hana ni alkama, na ji an ce injera ba matsala?

Tef zalla ba shi da sinadarin gulutin, wannan gaskiya ne. Amma kamar yanda na faɗa a tambayar injera, shaguna da yawa suna haɗawa da alkama ko sha'ir, kuma ba za ka gane da ido ba. Ka tambaya ko suna da na tef zalla, wasu suna yi daban da ɗan ƙarin kuɗi. Kicha da himbasha da ga'at da fata kam ka bar su.

Zan iya jan su da hirar ƙasarsu?

Hirar abinci da garuruwa da tseren keke, wanda suke matuƙar so, ka ja ta yanda kake so, ka ambaci ɗan ƙasarsu Biniam Girmay da ya ci matakai uku a gasar tseren keke ta Tour de France ta 2024 ka ga yanda shagon zai ɗauki hayaniya. Ka tambaye su kifin Massawa, ko masallacin Sahabbai da ke can, wanda ake dangantawa da hijirar farko da sahabban Annabi (SAW) suka yi zuwa ƙasar Najjashi, za su ji daɗi ka san wannan.

Siyasa ce nake roƙon ka bari sai in su suka fara. Isaias Afwerki ke mulki tun samun 'yanci, an yi yaƙin iyaka da Habasha daga 1998 zuwa 2000, kuma aikin bautar ƙasa da ba a san ranar gama shi ba ya sa matasa da yawa barin gida, wasu ta Sudan da Libiya da teku. A shago ɗaya za ka iya samun mai goyon bayan gwamnati da wanda ya gudo daga hannunta a tebura biyu, kuma yaron da ya kawo maka ruwa ba ka san abin da ya gani a hanya ba. Kar ka tambaye shi ta yaya ya zo ko yana da takarda, in ya ga dama wata rana shi zai ba ka labari.